Yatsu Huɗu a Jikin Jirgi

Idan Farin Nilu ya ja da baya
bayan an gama yankan dawa,
wani ƙato yakan fito da ƙirjinsa
ƙasa da gadar Kosti, inda mata ke wanki.
Baƙo in ya gani sai ya ce dutse ne.
Mu mun san jirgi ne.

Kakana Nomau ya kwaɓa shi,
shi da mutum talatin,
ko da yake in hira ta yi daɗi yakan ce hamsin.
Daga Gobir ya taso a ƙafa, Makka ya nufa,
guzuri ya ƙare masa a bakin ruwan nan.
A faɗarsa, lokacin Turawa na yaƙi,
ƙarfe ya yi wuya, ko ƙusa sai da roƙo.
Sai wani injiniya mai jan kunne
ya ce a kawo yashi, a kawo tsakuwa,
a saƙa rodi kamar kwando,
a zuba siminti a kai.

Masunta suka ajiye koma, suka zo kallo.
Wani ya ce, “Tun da uwata ta haife ni
ban ga dutsen niƙa ya yi iyo ba.”
Wani ya ce in bai nutse ba a yanka akuyarsa.
Ran da aka tura shi
ya shige har wuya, wuri ya yi tsit,
sannan ya ɗago a hankali kamar dorina.
An ci akuya a daren.

Riɗi ya ɗauka, da ƙaro, da auduga,
buhunan gishiri,
wata rana har shanu da mai kiwonsu.
Nauyi gare shi, ba ya tafiya da kansa,
wani jirgin ke jan sa da igiya.
Shekarar da ruwa ya ci kasuwa igiyar ta tsinke,
ya bi duhu shi kaɗai, ya hau tudun yashi,
ya zauna.
Zaman ke nan.

Na katako da aka yasar kusa da shi
sun daɗe da shiga murhu.
Na ƙarfe ’yan gwangwan sun yayyanka,
sun auna a sikeli, sun loda a mota.
Shi wuta ba ta cin sa, dillali ba ya taya shi.
Rashin mai so ne ya ja masa kwana.

Yanzu kainuwa ta kewaye shi,
tarwaɗa na haihuwa a ɗakin kaya,
zalɓe na tsaye a goshinsa tun asuba
kamar mai bin bashi.
Rodi ya ɓullo ta haƙarƙari, ja wur da tsatsa,
a nan Sittana mai shayi ke rataya tsumman kofuna.

Abin da ke kai ni daban ne.
Ta ciki, gefen hagu,
in ka sunkuya ka kankare gansakuka
za ka ga tafin hannu, yatsu huɗu.
Na biyar ɗin rodi ya cinye.
Ya danna shi tun siminti na ɗanye,
injiniya ya juya baya.

Nomau bai ga Makka ba.
Ya ce sai baɗi, ya yi aure,
ya ce sai baɗi, aka haifi ubana,
har muka kai shi makwancinsa bayan tashar jirgin ƙasa.
A lalitarsa muka tarar da kuɗin hanya,
kuɗin da aka daina karɓa tun kafin a haife ni.

Bara na kai ’yata Batulu.
Ta sa hannunta a gurbin, ya ɓace a ciki,
ta lanƙwashe ɗan yatsa ɗaya don su yi daidai.
Ta ce, “Baba, yaushe zai tashi?”
Na ce yana jiran ruwa ya ƙaru.
Ta ce, “Ai kowace damina yana ƙaruwa.”

Na ɗora ta a wuya.
An kira la’asar a masallacin masunta,
muka ratso zuwa gaɓa,
ruwa iya gwiwa, laka na riƙe mini takalmi.